Gilashi Mai Juyawa ko Mai Tsayawa: Wace Tsohuwar Kyamarar Fanorama Ce Ta Dace da Kaduna?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kogin Kaduna ta wajen lambun Gamji a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya kawo ya shafe duwatsu, ya san cewa kyamara ta yau da kullum ba ta ɗauke abin da ido yake gani a wurin. Ido yana yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan, ita kuwa kyamara sai ta yanko ɗan yanki ta bar sauran. Wayar hannu ta kawo nata maganin, domin tana ɗinke hotuna da yawa ta mai da su guda, amma har yanzu akwai masu son dogon hoton nan da ake kira fanorama ya fito a kan fim, a ɗauka ɗaya, babu ɗinki. Cikin 'yan shekarun nan wasu matasa sun tambaye ni wace tsohuwar kyamara ya kamata su nema, kuma kowannensu da sunan kamfani yake zuwa a bakinsa, wannan ya ce Hasselblad, wancan ya ce Widelux. A ganina sun faro zancen daga tsakiya. Kafin a kai ga suna, sai an san cewa kyamarorin nan gida biyu ne, kuma halin gilashinsu ne ya raba su: a gida ɗaya gilashi juyawa yake yi yayin ɗauka, a ɗaya gidan kuma tsaye yake cik. Bambancin kamannin hoto da na nauyi da na kuɗi, har da irin ciwon kan da kowace za ta jawo wa mai ita, duk daga nan suka taso.

Gidan masu juyawa shi ne mafi tsufa. Tun a shekarun 1840 wani mai hoto mazaunin Faris, Friedrich von Martens, ya ƙera kyamara mai juya gilashi a gaban lanƙwasasshen faranti, sannan kamfanin Kodak ya fito da Panoram a wajen 1899 ya kai fasahar hannun jama'a. Waɗanda mai saye zai fi cin karo da su a yau uku ne. Akwai Horizon ta masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko, wadda ta fara fitowa a 1967 da sunan Horizont, daga baya aka sabunta ta aka kira ta Horizon 202. Akwai Widelux ta kamfanin Panon na Japan, wadda aka daina ƙerawa a wajen shekara ta 2000, kuma ɗan wasan Amurka Jeff Bridges ya ƙara mata suna saboda ya daɗe yana ɗaukar hotuna da ita a wuraren aikin fim. Sai Noblex ta birnin Dresden a Jamus, wadda ta fito a farkon shekarun 1990.

Idan aka buɗe bayan ɗaya daga cikinsu, abin da zai fara ba mutum mamaki shi ne fim ba a miƙe yake kwanciya ba, a lanƙwashe yake kamar bakin ƙwarya. Gilashin yana zaune cikin wata ƙaramar ganga, a bayan gangar kuma akwai siririyar tsaga. Da an danna, sai ganga ta juya daga gefe guda zuwa ɗaya gefen, tsagar tana bin fim tana shafa masa haske kaɗan-kaɗan, kamar mai fenti yana jan burushi a bango. Ke nan hoton ba a lokaci ɗaya ake ɗaukarsa ba. Gefen da aka fara ya girmi gefen da aka ƙare.

A nan ne ya kamata a fahimci gilashin da kyau. Na Horizon lambarsa milimita 28 ce (gwargwadon ƙanƙantar wannan lamba gwargwadon faɗin abin da gilashi yake gani), ƙofar haskensa kuma tana buɗewa har f/2.8 (ƙaramar lambar f babbar ƙofa ce, babbar lamba kuwa tsukakkiyar ƙofa), kuma shi kaɗai ba wani faɗi na a zo a gani ne da shi ba. Juyawar ce take ba shi digiri 120 daga gefe zuwa gefe, a kan gurbin fim mai faɗin milimita 58 da tsayin milimita 24. Na Widelux milimita 26 ne a kan gurbi mai faɗin milimita 59. Kamfanin ya rubuta digiri 140, amma wanda ya yi lissafi daga gefe zuwa gefe zai samu wajen 130 ne. Daga sama zuwa ƙasa kuwa babu juyawa, saboda haka Horizon digiri 45 kawai take gani ta wannan fuskar. Sabon shiga yakan manta da wannan, ya matsa kusa da Masallacin Sultan Bello yana zaton tunda kyamarar mai faɗi ce komai zai shiga, sai hoto ya fito da rabin Unguwar Sarki a ciki amma an sare kan hasumiya.

Alherin wannan tsari shi ne a kowane lokaci tsakiyar gilashin kawai ake amfani da ita, wato inda ya fi kaifi kuma ya fi haske. Don haka haske yana zuwa daidai daga farkon hoto har ƙarshensa, kuma fuskar wanda ya tsaya a can gefe ba ta baje ba ta yi faɗi, yadda take yi a gilashi mai faɗi na yau da kullum. Ga hoton taro, kamar na ɗaurin aure ko walimar sauka ko ɗaliban da suka gama makaranta, wannan babbar riba ce, muddin an san dabarar: a jera mutane a zagaye kamar tsayuwar jinjirin wata, kowa nisansa ɗaya da kyamara, sai su fito a hoto a miƙe sambal kamar an ja musu igiya. Da irin wannan dabara masu wata tsohuwar kyamara mai juyawa da ake kira Cirkut suka riƙa ɗaukar hotunan makarantu a Amurka da Ingila, kuma da yake tana tafiya a hankali, yaro mai wayo yakan tsaya a farkon layi, ya zagaya ta baya da gudu, ya sake tsayawa a ƙarshe, ya fito sau biyu a hoto ɗaya.

Kuɗin da ake biya kan wannan alheri shi ne miƙaƙƙen layi ba ya zama miƙaƙƙe. A tsaya daura da Lugard Hall a ɗauke shi gaba da gaba, sai tsakiyar ginin ta kumbura, gefunansa su tsuke, rufi ya lanƙwaso ƙasa, titi ya lanƙwaso sama, gini ya koma kamar kwale-kwale. Ba lahani ba ne a gilashin, haka tsarin yake, kuma babu saitin da zai gyara shi. Layin da ya bi ta tsakiyar hoto kaɗai ne yake tsira, shi ma sai kyamara ta zauna daidai. Idan aka ɗaga bakinta sama ko da kaɗan ne, inda ƙasa ta haɗu da sama zai lotsa kamar akushi. Idan aka sunkuyar da ita, ya tashi kamar tudu. Shi ya sa aka sa musu ma'aunin kumfa irin na magina. A Horizon 202 ana ganin kumfar daga cikin tagar leƙe, ga kuma mariƙi da ake ɗaurawa a ƙasa, a Widelux kuwa kumfar a saman jiki take, sai mutum ya sauke kyamara zuwa ƙirji ya duba. Mariƙin nan ba ado ba ne. Naɗin fim ɗina na farko na riƙe kyamara yadda na saba riƙe kowace, yatsu a gaba, kuma cikin hotunan da suka fito fiye da rabi da ƙaton yatsana a gefen dama, ya yi duhu ya tsaya kamar kututturen giginya.

Motsi ma da nasa hukuncin. Abin da yake tafiya ta inda ganga take juyawa yakan miƙe ya yi tsawo, wanda yake tahowa ta kishiyar hanya kuma ya takure. Wanda ya je hawan Sallah a Zariya da irin wannan kyamara zai iya samun doki ɗaya dogo kamar raƙumi, wani kuma gajere kamar jaki, gwargwadon inda kowanne ya nufa. Wasu wannan suke nema, wasu kuma ba sa iya jure ganinsa, kuma gara mutum ya san ɓangaren da yake kafin ya fitar da kuɗinsa.

Gida na biyu ba ya juya komai. Fim a miƙe yake, gilashi a tsaye, hoto kuma a ƙiftawa ɗaya yake shiga gaba ɗayansa. Shahararriyar cikinsu ita ce Hasselblad XPan, wadda ta fito a 1998. A gaskiya Fujifilm ce ta ƙera ta, kuma a Japan da sunan TX-1 aka sayar da ita. An sabunta ta a 2003, aka daina yin ta a wajen 2006. Tana cin fim na milimita 35 da aka saba, tana ba da gurbi mai faɗin milimita 65 da tsayin 24, kuma da murɗa maɓalli ɗaya za ta koma ɗaukar hoto na yau da kullum a tsakiyar naɗi. Gilasanta uku ne: na milimita 45 mai f/4, wanda yake ganin kimanin digiri 71, na milimita 90 mai f/4, wanda yake ganin wajen 40, da na milimita 30 mai f/5.6, wanda yake kaiwa digiri 94 kuma sai an ɗora masa tagar leƙe ta daban. Manyan gidan kuma su ne masu gurbin santimita 6 da 17 a kan babban fim mai faɗi da ake kira 120, irin su Fuji G617 mai kafaffen gilashi na milimita 105, da ƙanwarta GX617 wadda ake sauya wa gilashi, da Linhof Technorama ta Jamus.

Lambobin nan sukan ruɗi mutane, don haka a tsaya a kansu kaɗan. Wanda ya saba da kyamara ta yau da kullum idan ya ji milimita 45 zai ce ai wannan ba gilashi mai faɗi ba ne, idan ya ji 105 kuwa ya ce na janyo nesa ne. Amma lambar gilashi ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da faɗin fim ɗin da ke bayansa. Milimita 45 a kan gurbi mai faɗin 65 yana ganin abin da milimita 25 yake gani a kan gurbin 36, milimita 105 kuma a kan gurbi mai faɗin milimita 168 yana ganin kimanin digiri 77. Abin lura shi ne ko mafi faɗin cikinsu bai kamo ƙafar Horizon ba, wadda ita ce mafi araha a duk jerin. Wanda faɗi tsantsa yake nema, gida na farko zai koma.

Dalilin tsadar gilasan gida na biyu kuma shi ne aikin da aka ɗora musu. Kowane gilashi da'irar haske yake jefawa a bayansa, kuma dole da'irar ta rufe gurbin fim daga kusurwa zuwa kusurwa. Gurbin yau da kullum yana buƙatar da'ira mai faɗin milimita 43, na XPan yana buƙatar kusan 69, na 6 da 17 kuwa wajen 177. Saboda haka gilashin XPan, duk da ƙanƙantarsa, na manyan kyamarori ne aka matse shi, shi ya sa ma ba ya buɗewa fiye da f/4. Sannan haske yana raguwa yayin da yake nisa da tsakiya, kuma gwargwadon faɗin gilashi gwargwadon duhun gefuna. Maganinsa wata filta ce mai duhu a tsakiya, mai washewa zuwa baki, wadda take rage hasken tsakiya har ya yi daidai da na gefe, tana cinye mataki ɗaya zuwa ɗaya da rabi na haske (rage mataki ɗaya shi ne rage rabin haske). A gilashin milimita 30 da kuma G617 ba a rabuwa da ita, musamman ga mai ɗaukar sararin sama. Duk wanda za a sayar wa irin wannan gilashi ya tambayi filtarsa tun kafin a yi ciniki, domin nemanta ita kaɗai daga baya wahala ce, ga tsada.

Abin da aka samu a madadin haka shi ne gini yana fitowa gini. Lugard Hall zai tsaya a miƙe, layin dogo na tashar Rigasa zai tafi sak, gadar Kawo ba za ta lanƙwashe ba. Ana kuma iya saita nisa, abin da Horizon da Widelux ba su yarda da shi ba, domin su gilashinsu a kafe yake a nisa guda, ƙofar haske kawai ake tsukewa don a samu na kusa ya fito. A Horizon 202, idan ƙofa tana f/2.8 sai abin da ya kai kimanin mita 5 ne yake fitowa tas, idan aka tsuke zuwa f/16 kuma ya sauko wajen mita 1. Mai son ya matso ya ɗauki fuskar mai shayi da tukunyarsa da layin masu jira a bayansa, da safe kafin rana ta yi ƙarfi, XPan ce za ta yi masa wannan cikin sauƙi. Illa dai a kula da wanda ya faɗo can gefe a gilashin milimita 30, domin kansa zai baje.

Zuwa nan maganar ɗaya ce ko a ina mutum yake zaune. Abin da ya sa hukuncina ya karkata shi ne yanayin garinmu, kuma rana ce ta farko. Ƙa'idar da tsofaffin masu hoto suka sani ita ce, a rana tsaka mai haske, a sa f/16 sannan a sa saurin ƙiftawa kusa da lambar fim, wato ma'aunin saurin kama haskensa, wadda su ASA suke ce mata, yanzu kuma ISO. Widelux samfurin F7 da F8 sauri uku kawai gare su, 1/15 da 1/125 da 1/250 na daƙiƙa, ƙofarsu kuma ba ta wuce f/11. Ke nan a ranar watan Maris ta Kaduna, fim mai lamba 100 shi ne daidai iyakar abin da za ta iya, mai lamba 400 kuwa haske zai yi masa yawa da mataki biyu. Horizon 202 ta ɗan fi sarari, domin tana tsukewa zuwa f/16, tana da 1/60 da 1/125 da 1/250 na rana, da 1/2 da 1/4 da 1/8 na duhu, ana kuma sayar da ita da ƙananan filtoci, har da mai rage haske. Dukansu biyu babu ma'aunin haske a jikinsu, sai a auna da waya ko da ido. XPan tana da ma'auni, tana kaiwa 1/1000, wannan matsala ba ta shafe ta ba.

Akwai kuma abin da faɗin digiri 120 yake jawowa: da wuya a ɗauki hoto da rana ba tare da gefe ɗaya ya fuskanci rana, ɗayan kuma ya faɗa inuwa ba, kuma idan gilashi ya ratsa ta kan rana yakan bar wani farin shafi a tsaye. Saboda haka ni hazon hunturu, wanda masu hoto da yawa suke ƙorafi a kansa, shi ne hasken da na fi so ga mai juyawa. Yana tausasa rana, yana daidaita gabas da yamma, kuma a fim baƙi da fari yana jera bishiyoyin bakin kogi sahu-sahu, na kusa baƙi, na nesa toka-toka.

Sai dai hunturun da ya kawo hasken shi ne yake kawo ƙura, ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gabar ganga. A nan akwai alamu biyu da ya kamata mai irin wannan kyamara ya iya karantawa. Idan siririn layi ya bi tsawon hoto a kwance daga farko har ƙarshe, to wani gashi ko ɗan datti ne ya maƙale a tsaga, tana jansa tana tafiya, ko kuma wani abu yana kartar fim. Idan kuwa ratsi-ratsi ne a tsaye, wani mai haske wani mai duhu, to ganga ce ba ta tafiya da sauri ɗaya, tana cijewa tana saki, saboda datti ko busasshen mai a haƙoran giyarta. Widelux ta yi ƙaurin suna da wannan ciwo, har masu ita sukan yi ta kunna ta babu fim don giya ta saki jiki. Amma kada a yi saurin zargin kyamara idan a cikin ɗaki aka ɗauki hoton, domin wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma dogon ƙwan lantarki da wasu ƙwayayen zamani suna ƙyaftawa tare da ita, ido ba ya gani amma tsaga tana rubuta shi ratsi-ratsi. A zauren biki mai irin waɗannan fitilu, mai juyawa ba abin dogaro ba ce.

Da tawa kyamarar mai juyawa ta fara ratsi bayan hunturu biyu, wurin wani dattijo mai gyaran agogo na kai ta, a wata rumfa cikin kasuwa. Ya karɓa ya juya ta, ya ja hannun naɗi, ya kara ta a kunne ya danna, ya sake yi har sau uku bai ce komai ba. Sannan ya ce, “Malam, ai wannan agogo ne aka sa wa ido. Ka ji inda take cijewa?” Na ce, “Baba, ni ban ji ba.” Ya buɗe ƙasanta a kan farin ƙyalle, ya wanke giyar, ya taɓa mata mai da bakin allura, ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in ɗiga mata man keken ɗinki. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake fifita Horizon ga mazaunin Kaduna: ita da Widelux babu batir a cikinsu, wani ake yi musu kamar tsohon agogo, kuma hannun da ya san ƙananan giya zai iya taimakonsu. XPan kuwa komai nata lantarki ne, daga jan fim har ƙiftawa, tana cin batir biyu samfurin CR2 waɗanda ba kowane shago ake samunsu ba, kuma ranar da allon lantarkinta ya mutu babu mai tashinsa a nan, ga shi an daɗe da daina ƙera kayan gyaranta. Noblex tana tsakiya: ƙaramin injin lantarki ne mai batir irin na rediyo yake juya gangarta, tafiyarta ta fi ta sauran santsi, gilashinta kuma mai kyau ne ƙwarai, amma robar da ke jan gangar takan lalace da tsufa, gyaranta kuma sai an aika waje.

Damina ba ta bambanta gida da gida. Daga Yuni zuwa Satumba laima tana haifar da fumfuna a cikin gilashi, wani farin zare kamar saƙar gizo, wanda idan ya daɗe yakan ci fuskar gilashin. Kada a ajiye kyamara cikin jakar fata a ƙasan akwati. A sa ta a roba mai murfi tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Bambancin kawai shi ne idan gilashin Horizon ya lalace asarar ba ta da yawa, idan na XPan ne kuwa maganar kuɗi masu yawa ake yi.

Sai fim, wanda shi ne kuɗin da ba ya ƙarewa. Yawancin situdiyon garin nan sun koma dijital tuntuni, don haka fim sai an yi saƙo daga Legas ko daga waje, wanki ma haka, in ba mutum ya koyi wanke baƙi da fari a gida ba, abin da nake ba kowa shawara ya koya. Naɗin da yake ba da hoto 36 zai ba da 22 a Horizon, 21 a Widelux, kimanin 21 a XPan. Naɗin 120 kuwa hoto 4 kacal yake bayarwa a 6 da 17. Wannan lamba kaɗai ta isa ta nuna wa mutum ko shi ɗan wannan gida ne. Kyamarar 6 da 17 ta haura kilo 2, ba ta aiki sosai sai a kan ƙafa uku, ana tsuke ta zuwa wajen f/22, a auna, a jira haske. Wanda burinsa ya ɗauki dutsen Kufena ko tsaunukan Kajuru ya buga hoto mai tsawon mita biyu ya rataya a bango, babu abin da zai ba shi abin da wannan za ta ba shi. Ga kasuwa da titi da taro kuwa ba ta da wuri.

Duk inda za a kai wanki, a rubuta a jikin naɗin da manyan baƙaƙe cewa kada a yanka. Na taɓa aika naɗi biyu wani wurin wanki a wani gari ban faɗa ba, yaron da ke aiki ya yanka su bisa tsawon hoto na yau da kullum, almakashi ya bi ta tsakiyar hotuna da dama, ciki har da wanda na tashi da asuba na ɗauka a bakin kogi. Na'urar sikanin yawancin wurare ma gurbin 36 kawai ta sani, saboda haka ko dai a yi kowane hoto rabi-rabi a haɗe a kwamfuta, ko a ɗora fim a kan farin haske a ɗauke shi da kyamarar dijital.

Gargaɗi biyu a taƙaice. Ƙananan kyamarorin shekarun 1990 da ake tsinta a gwanjo masu maɓallin fanorama ba sa ƙara faɗin komai, rufe sama da ƙasan gurbin 36 kawai suke yi su bar siririn yanki, araha ce wadda ba ta ado. Na biyu, Kaduna garin soja ne, kuma kyamarar da ke ganin digiri 120 takan kwaso ƙofar bariki ko shingen jami'an tsaro alhali mai ita wani abu can daban yake kallo; a waiwaya hagu da dama kafin a danna.

Ga wanda zai fara, Horizon 202 nake cewa ya nema. Jikinta roba ne, ingancinta ya bambanta daga wannan zuwa waccan, sa mata fim kuma sai an koya, domin dole ya bi ta ƙarƙashin abin birgima ya hau lanƙwasa ya sake nutsewa kafin ya kai ga maɗauri, kuma wanda ya tsallake mataki ɗaya zai ji fim ya yage a ciki. Duk da haka ita ce za ta nuna wa mutum, da kuɗi kaɗan, ko idonsa yana son lanƙwasasshiyar duniyar mai juyawa. Widelux ta fi ta kyan ƙira da daɗin riƙo, jikinta ƙarfe ne, amma ninkin kuɗin da ake biya ba ya bayyana a hoto gwargwadon yadda yake bayyana a aljihu, ga ƙarancin saurinta a ranarmu. XPan ta mai aikin gine-gine ce da mai son matsowa kusa da mutane, idan yana da hali kuma ya yarda cewa wata rana za ta iya mutuwa a hannunsa. Wanda yake son miƙaƙƙen layi amma ba shi da kuɗin XPan, ya nemi tsohuwar kyamarar situdiyo mai gurbin 6 da 7, irin Mamiya RB67, ya sa mata gilashin milimita 50, ya yanke sama da ƙasan hoton. Abin da zai rage kusan gurbin XPan ne, nauyi kawai zai ɗauka.

Kowace aka tsayar, kada a biya sai an gwada. A haska tocila ta cikin gilashi a nemi fumfuna. Idan mai juyawa ce, a buɗe bayanta, a fuskantar da ita farin bango, a danna a kowane sauri ana kallon tsaga ana sauraron ƙara, musamman a sauri mafi jinkiri, inda cijewa ta fi fitowa. Sannan a nemi mai sayarwa ya yarda a sa naɗi ɗaya na gwaji, a ɗauki sararin sama tsantsa, rana a bayan mai ɗauka, hoto ɗaya a kowane sauri. Idan aka wanke sama ta fito sumul daga gefe zuwa gefe, a biya. Idan ta fito da ratsi a tsaye, a cire kuɗin mai gyara daga farashin, ko a mayar masa da kayarsa.